Me Ya Sa Haraji Ne Ya Ɗaure Al Capone, Ba Kisan Kai Ba?

Tambaya: Malam, na sha jin sunan Al Capone a matsayin babban uban 'yan daba na Amurka, wanda aka ce ya sa an kashe mutane masu yawa, amma sai na ji cewa ƙin biyan haraji ne ya kai shi kurkuku. Wane ne shi, ta yaya ya yi wannan ƙarfi, kuma me ya hana a kama shi da laifin kisa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, kuma dalilinsa yana cikin yadda aka raba ikon shari'a a Amurka. A can, kisan kai laifi ne da hukumomin jiha da na gunduma suke bin kadinsa, kuma a Shikago ta shekarun 1920 da yawa daga cikin masu wannan alhaki, tun daga ɗan sandan kan titi har zuwa manyan 'yan siyasa, ko dai suna cin abinci a hannun Capone ko kuma suna tsoronsa. Harajin kuɗin shiga kuwa na gwamnatin tarayya ne, masu bincikensa daga Washington suke karɓar umarni, kuma tabbatar da shi ba ya buƙatar wani ya tsaya gaban kotu ya ce da idonsa ya ga an harbi mutum. Sai dai wannan taƙaitawa takan sa a ɗauka cewa shari'ar harajin ta zo da sauƙi, alhali da ƙyar gwamnati ta ci ta, kuma ba za a gane hakan ba sai an san irin kasuwancin da mutumin ya gada da yadda ya tafiyar da shi.

An haifi Alphonse Capone ranar 17 ga Janairu, 1899 a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Iyayensa baƙi ne daga yankin Napoli na Italiya, mahaifinsa Gabriele mai aski ne, mahaifiyarsa Teresa kuma tana ɗinki, kuma babu wani abin da ke nuna cewa ɗayansu ya taɓa shiga harkar laifi. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 bayan ya yi faɗa da malamarsa, ya shiga gungun yaran unguwa, daga nan ya faɗa hannun wani ɗan daba mai suna Frankie Yale, wanda ya ɗauke shi tsaron ƙofa da sayar da giya a mashayarsa ta Harvard Inn da ke Coney Island. A nan ne ya yi wa wata budurwa maganar banza, ɗan'uwanta Frank Galluccio ya tsaga masa kuncin hagu da wuƙa, tabon da ya jawo masa laƙabin Scarface, wato mai tabo a fuska. Ya ƙi jinin wannan suna har ya mutu, yakan juya wa masu ɗaukar hoto ɗaya kuncin, wani lokaci ma ya ce a fagen yaƙi ya samu rauni, alhali bai taɓa shiga soja ba. A watan Disamba na 1918 ya auri Mae Coughlin, 'yar asalin Ailan, wadda ta haifa masa ɗansa tilo, Albert.

Ana yawan kiransa shugaban Mafiya, amma maganar tana buƙatar lura. Mafiya ta ainihi ta mutanen tsibirin Sisili ce, da rantsuwarta da ƙa'idojin shigarta, shi kuwa Capone haifaffen Amurka ne ɗan asalin Napoli, don haka shi ba Basisiliye ba ne. Wannan ya sa ƙungiyarsa ta zama ta kowa da kowa, domin ma'ajinsa Jake Guzik Bayahude ne, kuma akwai 'yan asalin Ailan da Foland da sauransu a cikin manyan yaransa. Abin da ya haɗa su kuɗi ne, ba jini ba.

Mutumin da ya kamata a fi lura da shi a farkon labarin shi ne Johnny Torrio, wanda ya san Capone tun a Brooklyn, kuma shi ya kira shi Shikago wajen 1920. Torrio yana kula da gidajen caca da na karuwai mallakar Big Jim Colosimo, kuma shi ne ya hango irin dukiyar da ke tafe lokacin da gyara na 18 ga tsarin mulkin Amurka ya fara aiki ranar 17 ga Janairu, 1920, ranar da Capone ya cika shekara 21. Gyaran, tare da dokar Volstead da ta fayyace shi, ya haramta yin barasa da sayar da ita da safararta, amma bai haramta shan ta ba. Nan ne gizo yake saƙa. Miliyoyin mutane sun ci gaba da neman abin da suka saba sha ba tare da sun ji sun yi laifi ba, masu sayarwa na halal a idon doka sun rufe, kasuwar gaba ɗaya ta koma hannun duk wanda ba ya tsoron doka. An ce Colosimo bai nuna sha'awar shiga harkar sosai ba, kuma ranar 11 ga Mayu, 1920 aka harbe shi a ƙofar gidan cin abincinsa. Ba a hukunta kowa ba, amma Torrio ne ya gaji komai.

A ganina, tsarin da duniya take danganta wa Capone na Torrio ne. Shi ya shawo kan gungun 'yan daban Shikago su raba birnin yanki-yanki, kowa ya sayar a nasa, a daina zubar da jinin da ke jawo hankalin jaridu. Shi ya shiga haɗin gwiwa da tsofaffin masu masana'antar giya, waɗanda suke da lasisin yin abin sha marar ƙarfi, ana yin giya ta sosai a bayan fage. Ana shigo da barasa mai tsada daga Kanada ta hanyar Detroit, 'yan gidan Genna, wani gungun 'yan daba, kuma suna biyan talakawan unguwar Italiyawa su riƙa dafa ta a cikin ɗakunansu. Kasuwanci irin wannan, mai manyan motoci da ke yawo da ganguna da rana tsaka, ba ya ɓoyuwa, don haka toshiyar baki ta zama wani ɓangare na kuɗin gudanarwa, kamar albashin direbobi. Magajin garin lokacin, William Hale Thompson, bai ɓoye cewa ba ya goyon bayan dokar ba, kuma a zamaninsa ba a takura musu ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da William Dever ya zama magajin gari a 1923 ya fara rufe mashayu da gaske, sai Torrio da Capone suka mayar da cibiyarsu Cicero, wani ƙaramin gari da ke maƙwabtaka da Shikago mai hukumarsa da 'yan sandansa daban. Zaɓen garin na ranar 1 ga Afrilu, 1924 ya nuna yadda suke kallon siyasa, domin yaransu sun mamaye rumfunan zaɓe da bindigogi, suna dukan masu zaɓe da sace ma'aikata, har sai da wani alƙali ya tura 'yan sandan Shikago cikin farin kaya. A arangamar ranar aka kashe yayan Capone, Frank, amma 'yan takararsu sun ci zaɓe, Cicero kuma ta zama tamkar gonarsu. Wani abin mamaki a gidan su Capone shi ne babban wansu, James, wanda ya gudu daga gida tun yana yaro, ya canza suna zuwa Richard Hart, kuma a daidai wannan zamani yana jihar Nebraska yana aikin kama masu fasa-ƙwaurin barasa.

Yarjejeniyar Torrio ta wargaje a 1924. Dean O'Banion, shugaban gungun arewacin Shikago, ya sayar wa Torrio hannun jarinsa a masana'antar giya ta Sieben yana sane cewa 'yan sanda za su kai samame a wurin, aka kuwa kama Torrio. Ranar 10 ga Nuwamba, 1924 wasu mutane uku suka shiga shagon furannin O'Banion, ɗaya ya riƙe masa hannu kamar ana gaisawa, sauran suka harbe shi. A Janairun 1925 yaran O'Banion suka rama, suka harbi Torrio a ƙofar gidansa, ya sha da ƙyar. Da ya warke ya gama ɗan zaman kurkukunsa, sai ya miƙa wa Capone ragamar komai ya bar garin. Capone yana ɗan shekara 26 a lokacin, kuma daga nan zuwa ɗaure shi shekara shida ne kacal da 'yan watanni, abin da mutane da yawa ba sa lura da shi idan suka ga girman sunan.

Yanzu ga batun kisa, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Misalai uku sun isa su nuna yadda shari'o'in suke mutuwa. A watan Mayu na 1924 an harbe wani ɗan daba mai suna Joe Howard a cikin mashaya, bayan ya ci zarafin Guzik, kuma akwai mutanen da suka gaya wa 'yan sanda cewa Capone ne ya yi harbin da hannunsa. Kafin a zo zaman bincike, wasu sun ce sun manta, wani kuma ya ɓace, magana ta mutu. A watan Afrilu na 1926 aka bindige William McSwiggin, mataimakin mai gabatar da ƙara na gundumar, a Cicero, yana tare da wasu 'yan daba abokan gabar Capone. Capone ya ɓuya kusan wata uku, ya fito ya miƙa kansa, aka sake shi don babu shaida, kuma tambayar da ta fi damun jama'a ita ce me ya kai lauyan gwamnati cikin motar masu fasa-ƙwauri tun farko. Shari'ar kisa a Amurka tana buƙatar shaidu da za su yi magana a fili da kuma mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci da za su yarda baki ɗaya, kuma kowane ɗayansu yana da gida da iyali a garin da yaran Capone suka san lunguna.

Misali na uku shi ne wanda ya fi shahara. Bayan an kashe Hymie Weiss, magajin O'Banion, a Oktoban 1926, makonni kaɗan da ya tura jerin motoci suka yi wa masaukin Capone na Hawthorne ruwan harsasai, daga baya gungun arewa ya koma hannun George Moran. Da safiyar 14 ga Fabrairu, 1929, wasu mutane, biyu daga cikinsu sanye da kayan 'yan sanda, suka shiga wani gareji mai lamba 2122 a titin North Clark, suka jera mutum bakwai suna fuskantar bango kamar za a caje su, suka buɗe musu wuta da bindigogin Thompson masu aman harsasai. Moran, wanda ake jin shi aka nufa, bai iso wurin ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka harba, Frank Gusenberg, ya rayu na 'yan sa'o'i, kuma an ruwaito cewa da 'yan sanda suka tambaye shi wanda ya harbe shi, ya ƙi faɗa. Capone kuwa yana Fulorida, inda ya sayi gida a tsibirin Palm kusa da Miyami a 1928. Daga baya an samu bindigogi biyu a maɓoyar wani ɗan kisan haya mai suna Fred Burke a jihar Michigan, masanin harsasai Calvin Goddard ya tabbatar da su aka yi aikin, amma har yau ba a hukunta kowa kan wannan kisa ba. Yawancin masana suna ɗora alhakin a kan ƙungiyar Capone, ko da yake akwai marubutan da ke jayayya, kuma gaskiyar magana ita ce ba a taɓa gabatar da hujjar da ta haɗa shi da umarnin kai tsaye ba. Shugaba irinsa ba ya rubuta umarni, ba ya kuma zuwa wurin aiki.

Abin da ya bambanta Capone da ubangidansa Torrio shi ne son a san shi. Torrio mutum ne mai shiru wanda yakan koma gida wurin matarsa da yamma, shi kuwa Capone yakan tara 'yan jarida a masaukinsa na otal ɗin Metropole, daga baya Lexington, ya yi musu bayanin cewa shi ɗan kasuwa ne da ke sayar wa jama'a abin da suke so, kuma masu zaginsa da rana su ne masu shan hajarsa da dare. Yana sa kaya masu launi, yana yawo a mota mai sulke, yana zuwa kallon wasanni a kujerun gaba. A watan Maris na 1930 hotonsa ya fito a bangon mujallar Time, kuma da tattalin arziƙin Amurka ya karye ya buɗe wurin ciyar da marasa aiki kyauta a Shikago. Akwai gaskiya a cikin zargin munafuncin da yake yi wa manyan gari, amma bai kamata a ruɗu da karamcin ba, domin ƙungiyarsa tana karɓar kuɗin kariya da ƙarfin tsiya daga masu wanki da guga da sauran ƙananan 'yan kasuwa, tana ƙwace ƙungiyoyin ƙwadago, kuma wanda ya ƙi biya sai a jefa masa bam a shago. Kiyasin da ake yawan kawowa shi ne cewa kuɗin da ke shiga ƙungiyar ya kai dala miliyan 100 a shekara, amma wannan kiyasi ne kawai, kuma kuɗin ƙungiya ne kafin a cire albashi da cin hanci, ba abin da ke shiga aljihunsa ba.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Hotunan gawarwakin garejin North Clark sun zagaye duniya a daidai lokacin da attajiran Shikago suke shirin babban baje kolin duniya na 1933, kuma Herbert Hoover, wanda ya hau kujerar shugaban ƙasa a Maris na 1929, ya ba da umarnin a tattara ƙarfin tarayya a kan mutum ɗaya. A watan Mayu na wannan shekara aka kama Capone da ɓoyayyiyar bindiga a Filadelfiya, aka yanke masa shekara ɗaya, ya fito a Maris na 1930, wasu ma suna ganin da gangan ya bari aka kama shi don ya huta da masu farautarsa. Wata ɗaya da fitowarsa, hukumar yaƙi da laifuka ta Shikago, wadda 'yan kasuwa suka kafa, a ƙarƙashin Frank Loesch, ta fitar da sunayen mutum 28 da ta kira maƙiyan al'umma, sunansa a sama.

Makamin da gwamnati ta yi amfani da shi ya samo asali ne daga wata shari'a da ba ta shafe shi ba. Wani mai sayar da barasa a jihar Karolina ta Kudu, Manley Sullivan, ya yi jayayya cewa tilasta masa bayyana kuɗin da ya samu ta haramtacciyar hanya daidai yake da tilasta masa ba da shaida a kan kansa, abin da tsarin mulki ya hana. A 1927 Kotun Ƙoli, ta bakin mai shari'a Oliver Wendell Holmes, ta yanke cewa kuɗin haram ma ana biyan harajinsa. Wannan hukunci ya sa kowane ɗan fasa-ƙwauri a tsaka mai wuya, domin idan ya bayyana kuɗinsa ya tona kansa, idan ya ɓoye kuma ya aikata laifin tarayya. Sashen binciken sirri na hukumar haraji, ƙarƙashin Elmer Irey, ya fara gwada shi a kan na kusa da Capone, aka ɗaure wansa Ralph, aka ɗaure Guzik, aka ɗaure Frank Nitti. Sunan Eliot Ness, jami'in tarayya mai yaƙi da fasa-ƙwaurin barasa, ne ya fi yawo a bakin jama'a, kuma gaskiya ne tawagarsa ta farfasa masana'antun giya ta jawo wa ƙungiyar asara, har aka shigar da tuhuma mai ɗauke da karya dokar barasa sau 5,000, amma ba a taɓa yin wannan shari'ar ba. Mutumin da ya yi aikin da ya kai ga ɗauri shi ne wani mai binciken lissafi, Frank Wilson.

Wahalar da Wilson ya fuskanta ita ce Capone bai da asusun banki da sunansa, ba ya sa hannu a takardun da za su nuna samu, gidan Fulorida ma da sunan matarsa yake, kuma bai taɓa cike takardar haraji ba. Nuna cewa mutum yana kashe kuɗi ba ya wadatarwa, sai an nuna inda kuɗin ya shigo masa. Bayan dogon bincike cikin tarin takardu, Wilson ya ci karo da wasu littattafan lissafi da aka ƙwace a samamen da aka kai wani gidan caca na Cicero mai suna Hawthorne Smoke Shop a 1926, bayan kisan McSwiggin, waɗanda suka yi shekaru a ajiye ba wanda ya duba su da kyau. Littattafan sun nuna ribar gidan da yadda ake raba ta, har da wuraren da aka rubuta Al. Wilson ya riƙa kwatanta rubutun hannun da ke ciki da takardun ajiyar kuɗi na bankunan yankin har ya gano akawun, Leslie Shumway, wanda aka samu yana aiki a wani filin tsere a Fulorida. An kuma kama wani mai karɓar kuɗi, Fred Ries, wanda ya bayyana yadda ake mayar da ribar caca zuwa cakin banki da sunan ƙarya. Dukansu sai da gwamnati ta ɓoye su kafin ranar shari'a. Ka lura cewa kuɗin caca ne aka iya bin sawunsa, ba na barasa ba.

Hujja mafi ƙarfi kuwa daga ɓangaren Capone ta fito. A 1930, da ya ga ana tuhumar na kusa da shi, ya ɗauki wani lauyan haraji, Lawrence Mattingly, don ya sasanta da hukuma a biya abin da ake binsa. Lauyan ya miƙa wasiƙa wadda a ciki ya amince cewa wanda yake karewa ya samu kuɗin shiga, har kimanin dala 100,000 a kowace shekara a 1928 da 1929. Da nufin sulhu aka rubuta ta, amma gwamnati ta riƙe ta a matsayin amsa laifi. A watan Yuni na 1931 aka tuhume shi da ƙin biyan harajin kimanin dala 215,000 a kan kuɗin shiga da ya ɗan haura dala miliyan ɗaya daga 1925 zuwa 1929. Mai gabatar da ƙara na tarayya, George Johnson, ya san shaidunsa na iya tsorata, don haka ya yarda Capone ya amsa laifi a ba shi shekara biyu da rabi. Capone ya kasa riƙe bakinsa, labarin cinikin ya fita a jaridu, mai shari'a James Wilkerson kuma ya ce ba a ciniki da kotun tarayya kuma yarjejeniyar ba ta ɗaure shi ba. Capone ya janye amsa laifinsa, aka tafi shari'a.

An fara zama ranar 6 ga Oktoba, 1931. Kafin nan Wilson ya samu labari, ta hannun wani abokin harkar Capone a tseren karnuka mai suna Edward O'Hare, cewa yaran Capone sun samu jerin sunayen waɗanda za a zaɓi masu taya alƙali daga cikinsu, kuma sun fara bin su da kuɗi da barazana. Wilkerson bai ce komai ba sai safiyar ranar, sannan ya yi musayar jerin nasa gaba ɗaya da na wani alƙali, aka kawo mutane da yawancinsu daga ƙananan garuruwa da karkara suke. A cikin kotun ma sai da aka kama mai tsaron lafiyarsa, Philip D'Andrea, da bindiga a jikinsa. Gwamnati ta jera teloli da mahauta da masu sayar da kayan ɗaki da na ado suna faɗin abin da ya kashe, ciki har da kawunan bel masu lu'ulu'u da yake rabawa abokai, a gaban mutanen da ke fama da matsin tattalin arziƙi. Lauyoyinsa sun kawo shaidun da suka ce ya yi asarar makudan kuɗi a cacar dawaki, dabarar da ta koma kansu, domin wanda ya yi asarar kuɗi dole ya same su tukuna. A tsakiyar watan aka same shi da laifi biyar daga cikin tuhume-tuhume sama da ashirin, kuma ranar 24 ga Oktoba Wilkerson ya yanke masa shekara 11 da tarar dala 50,000, ban da kuɗin kotu da harajin da ake binsa.

Ra'ayina a nan shi ne, idan aka duba ta fuskar doka zalla, shari'ar tana da rauni. Wasiƙar Mattingly ta sulhu ce, kuma akwai hujja mai ƙarfi ta cewa bai kamata a karɓe ta ba. Haka nan lauyoyinsa, waɗanda gwanayen shari'ar laifi ne ba na haraji ba, ba su tsaya yadda ya kamata a kan wa'adin shigar da ƙara ba, kuma a 1932 Kotun Ƙoli ta yanke a wata shari'a dabam cewa wa'adin irin wannan laifi shekara uku ne, abin da da ya iya rushe manyan laifukan da aka kama shi da su na 1925 zuwa 1927. Da sababbin lauyoyinsa suka ɗaga maganar, kotu ba ta karɓa ba. Shekara 11 kuma ta zarce abin da aka saba yanke wa masu laifin haraji a lokacin nesa ba kusa ba, wansa Ralph shekara uku aka ba shi, Nitti wata 18. Kowa a kotun ya san cewa abin da ke rubuce a takarda haraji ne, amma abin da ake hukuntawa ya haɗa da gawarwakin da ba a iya tabbatarwa ba.

A watan Mayu na 1932 aka kai shi kurkukun tarayya na Atlanta, inda likitoci suka gano yana ɗauke da ciwon tunjere da ya daɗe a jikinsa ba magani. A Agustan 1934 aka mayar da shi sabon kurkukun tsibirin Alcatraz, fursuna mai lamba 85, inda babu jarida, babu alfarma, kuma kuɗinsa ba sa sayen komai. Ya yi aikin wanki da shara, wani fursuna ya taɓa soka masa almakashi a 1936, sannan ciwon ya hau ƙwaƙwalwarsa har ya riƙa rikicewa. An sake shi ranar 16 ga Nuwamba, 1939, kwanaki kaɗan bayan an bindige O'Hare a cikin motarsa a Shikago. Babban filin jirgin saman birnin na yau sunan ɗan wannan O'Hare yake ɗauke da shi, matuƙin jirgin yaƙi da ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu. Capone ya yi jinya a Baltimore, ya koma gidansa na Fulorida, kuma a 1946 likitocin da suka duba shi sun ce hankalinsa bai wuce na yaro ɗan shekara 12 ba. Ya mutu ranar 25 ga Janairu, 1947, bayan shanyewar jiki da ciwon huhu, yana da shekara 48.

Ɗaure shi bai rusa ƙungiyar ba, haka ma soke dokar hana barasa a Disambar 1933, domin kafin nan ta riga ta bazu cikin caca da ba da bashi da ruwa mai tsanani da ƙungiyoyin ƙwadago, daga baya har gidajen cacar Las Vegas. Nitti ya riƙe ta har ya kashe kansa a 1943, sannan Paul Ricca da Tony Accardo suka ci gaba, kuma su ba sa hira da 'yan jarida. Torrio, wanda shi ma haraji ya ɗaure a 1939, ya rayu har 1957, lokacin da ciwon zuciya ya kama shi a kujerar mai aski a Brooklyn. Accardo, wanda ya fara a matsayin ɗaya daga cikin masu tsaron lafiyar Capone, an same shi da laifin haraji a 1960, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, kuma ya mutu a 1992 yana da shekara 86 ba tare da ya taɓa yin dogon zaman kurkuku ba.